CAGA: MAGANIN GARGAJIYAR ƘASASHEN SANYI A BISA MA'AUNI



 Abin da zan yi magana a kansa shi ne caga, wani tsiro da mutanen arewacin Rasha da maƙwabtansu suka daɗe suna jiƙawa suna sha don neman lafiya, wanda kuma a yanzu ya shiga kasuwar duniya, ana sayar da garinsa cikin gwangwani da ƙwanso, ana tallarsa a intanet da kirari iri-iri. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan Bahaushe da abin da ke fitowa a dajin da dusar ƙanƙara ke rufewa kusan rabin shekara? Dalilina biyu ne. Na farko, talla ba ta san iyakar ƙasa ba, duk mai wayar hannu yana iya cin karo da ita, kuma mu 'yan boko mu ne dangi ke miƙo wa kwalba su ce mu karanta musu abin da aka rubuta a jikinta. Na biyu, tarihin caga ya ƙunshi darasi game da yadda ya kamata mai ilimi ya ɗauki maganin gargajiya, nasa ko na wasu.

MENE NE CAGA?

Caga yana cikin dangin naman kaza da fumfuna, wato halittun da ba su da koren ganye, ba sa haɗa abincinsu da hasken rana, sai dai su ci daga jikin wani abu. Masana suna kiransa Inonotus obliquus, sunan da wani masani ɗan ƙasar Cek, Albert Pilát, ya daidaita a 1942. Ita kuwa kalmar caga daga Rashanci duniya ta same ta, su kuma Rashawa sun aro ta ne daga harshen mutanen Komi, waɗanda ke zaune yamma da duwatsun Ural.

Galibi caga yana fitowa ne a jikin wani itace mai farin ɓawo da masana ke kira betula. Wannan itace ba ya yi a ƙasarmu, na ƙasashen sanyi ne: Rasha da Saibiriya, Finland da ƙasashen bakin Tekun Baltik, Poland, Kanada da Alaska, arewacin Sin, Koriya, da tsibirin Hokkaido na Japan. Ƙwayar caga takan shiga itacen ta inda ya sami rauni, kamar inda reshe ya karye, ta ci gaba da cin zuciyarsa a hankali har ta ruɓar da ita. Bayan shekaru sai wani ƙullutu ya ɓullo a waje, baƙi ƙirin, duk ya tsattsage, wanda bai sani ba zai ɗauka gawayi ne ko kuwa inda gobara ta lashi itacen. In aka sare shi da gatari, cikinsa launin tsatsa ne. Wannan ƙullutu shi ake kira caga, shi ne kuma ake sha. Itacen yakan yi shekaru goma, wani lokaci ma da yawa fiye da haka, yana ɗauke da cutar kafin ta kashe shi, kuma sai bayan ya mutu ne ainihin sashen da ke zubar da iri yake fitowa a ƙarƙashin ɓawo.

Wanda ya san kauci zai fahimci wannan zama cikin sauƙi. Kauci ma a kan wani itace yake rayuwa, masu magani kuma ba sa cewa kauci kawai, sai sun ambaci itacen da ya hau, su ce kaucin tsamiya ko kaucin ɗorawa. Haka mutanen arewacin Rasha suke cewa cagan da ya fito a kan betula shi ne na magani. A nan kimiyya ta ba su gaskiya gwargwado, domin wasu sinadaran da ake samu a cikinsa, kamar betulin, daga jikin itacen yake tsotso su.

YADDA MUTANEN DA SUKA YI AMFANI DA SHI

A yammacin Saibiriya, a gaɓar Kogin Ob, akwai wata al'umma da ake kira Hanti, masu zaman su da farauta da kiwon barewar ƙanƙara. Wata masaniya 'yar ƙasar Istoniya, Maret Saar, ta wallafa bincike a kan magungunansu a 1991. Ta nuna cewa suna dafa caga su sha kamar shayi saboda tsutsar ciki, da ciwon ciki, da ciwon hanta da na zuciya, da tarin fuka. Suna kuma ƙona shi har ya yi ja, su tsoma cikin ruwan zafi, su sami baƙin ruwa wanda mata ke tsarki da shi bayan al'ada da bayan haihuwa. Wannan ba zai zama baƙon abu ga wanda ya san aikin ruwan toka a gidajenmu ba.

Talakawan ƙauyukan Rasha kuwa sun ɗauke shi a madadin ganyen shayi, wanda sai da kuɗi ake samunsa, alhali caga yana nan a daji kyauta. A Finland ma, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da kofi ya yi wuya, mutane sun koma shan caga. A Kanada wasu daga cikin 'yan asalin ƙasar, kamar al'ummar Kiri, suna amfani da busasshensa wajen kunna wuta da ɗaukar garwashi daga zango zuwa zango, saboda yana kama tartsatsi da wuri, ya daɗe yana ci a hankali.

Abin lura a nan shi ne yadda ake shan sa. Ƙa'idar da likitocin Rasha suka rubuta daga baya, wadda suka gina a kan al'adar mutanen ƙauye, ita ce a jiƙa ƙullutun har ya yi laushi, a goge shi, a zuba masa ruwan ɗumi ninki biyar, a bar shi kwana biyu, sannan a tace, a sha ruwan, a zubar da tuƙar. Ina roƙonku ku riƙe wannan batu na tacewa, domin zan komo kansa.

DAGA ƘAUYE ZUWA ASIBITI

A farkon shekarun 1950 hukumomin Tarayyar Sobiyat sun sa masana a birnin Leningirad, wanda ya koma sunansa na asali Sen Fitasbag a 1991, su binciki caga. Cibiyar nazarin tsirrai ta Komarov da makarantar koyon aikin likita ta birnin suka haɗa hannu a kan aikin. A 1955 aka amince a yi amfani da shi a asibiti, daga bisani aka fitar da wani ruwan magani mai suna Befungin, wanda ya ƙunshi tataccen caga da ɗan gishirin kobal. An tanade shi ne don masu daɗaɗɗen ciwon ciki, da kuma masu sankara waɗanda cuta ta riga ta yi nisa, domin a sassauta musu wahala, su sami ɗan ƙarfin jiki da sha'awar abinci. Ku lura, hukumar da ta fi kowace girmama caga a duniya ba ta ce yana warkar da sankara ba.

Wanda ya fitar da sunan caga zuwa sauran duniya marubuci ne, Alezanda Solzhenitsin. Wannan mutum ya sha ɗauri a sansanonin gwale-gwale na zamanin Stalin, daga nan aka kora shi gudun hijira zuwa Kazakistan, inda sankara ta tasar masa. A 1954 aka kwantar da shi a asibitin birnin Tashkent, ya warke, ya kuma rubuta littafin ƙagaggen labari mai suna Rakovy Korpus, wato ɗakin masu sankara, wanda aka buga a ƙasashen Yamma a 1968. A cikin littafin akwai wurin da majinyata ke hira a kan wani likitan karkara, Maslennikov na garin Alezandrov, wanda ya lura cewa manoman yankinsa ba su cika kamuwa da sankara ba, ya kuma danganta hakan da cagan da suke sha a maimakon shayi. Likitan mutum ne na haƙiƙa, ya kuwa yi shekaru yana ba marasa lafiya caga. Da Solzhenitsin ya sami kyautar Nobel ta adabi a 1970, littafin ya ƙara bazuwa, labarin caga ya bazu tare da shi.

To, amma akwai abin da masu talla ba sa faɗa. Shi Solzhenitsin a asibiti aka yi masa magani, da gashin hasken na'ura irin wanda ake yi wa masu sankara, ya kuma rayu har 2008. Sannan abin da likitan karkara ya lura da shi, ko da gaskiya ne, bai isa hujja ba. Manomin da bai kai shekarun da sankara ta fi kama mutane ba, ko wanda ya mutu a gida ba tare da an gano abin da ya kashe shi ba, ba zai shiga lissafin masu sankara ba, ko ya sha caga ko bai sha ba.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Masana sun tsattsage caga sun sami abubuwa da dama a cikinsa. Akwai melanin, wanda shi ne ya ba shi baƙin nan, irin sinadarin da ya ba fatarmu launinta. Akwai betulin da asid ɗinsa, akwai inotodiyol, akwai kuma wasu dogayen sinadarai dangin sukari da ake kira beta-gulukan. An gwada waɗannan a kan ƙwayoyin sankara da aka raya cikin faranti a ɗakin bincike, an ga suna rage musu yaɗuwa. An gwada a kan ɓeraye, an ga kumburi ya ragu, sukarin jini ya sauka, a wasu gwaje-gwajen ma ƙari ya ƙanƙance.

Wannan sakamako abin ƙarfafa gwiwa ne ga mai bincike, amma tsakanin faranti da jikin ɗan Adam akwai tafiya mai nisa. Abin da aka ɗiga kai tsaye a kan ƙwayar cuta, in mutum ya haɗiye shi sai ya bi ta tumbi da hanji da hanta, wani ya lalace a hanya, wani kuma hanji ba ya tsotse shi sosai, kamar yadda aka sani game da betulin. Mafi yawan sinadaran da suka yi nasara a kan ɓeraye sukan fāɗi in an zo kan mutane. Shi ya sa aka kafa ƙa'idar gwaji: a tara majinyata masu yawa, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin, a ba wasu abin da ya yi kama da shi amma babu komai ciki, ba tare da majinyaci ko likita ya san wane ne ya sami wanne ba, sannan a ƙirga sakamako. Rahotannin zamanin Sobiyat ba su cika wannan sharaɗi ba, kuma babu wani babban gwaji irin wannan da ya tabbatar cewa caga yana warkar da sankara ko ciwon sukari ko wata cuta a jikin mutum.

Akwai wata lamba da masu talla ke son ambata, wai ma'aunin ORAC, da suke cewa caga ya fi kowane abinci yawan sinadaran da ke kare jiki daga lalacewa. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, wadda ita ce ta wallafa jadawalin wannan ma'auni, ta janye shi a 2012, bisa dalilin cewa awo ne na cikin kwalba wanda bai nuna abin da ke faruwa a jikin mutum ba, kuma 'yan kasuwa suna yaudarar jama'a da shi.

ZUMA DA ZAƘI DA HARBI

Yanzu na zo kan abin da ya fi muhimmanci a wannan jawabi. Caga yana ɗauke da wani sinadari mai suna okzalet da yawan gaske. Okzalet ba baƙo ba ne, akwai shi a alayyafo da yakuwa, jiki kuma yana iya fitar da ɗan kaɗan ta fitsari. Amma in ya yi yawa sai ya haɗu da kalsiyam ya zama tsakuwa-tsakuwa masu kaifi, su toshe ƙananan hanyoyin da ke cikin ƙoda, su kashe ta a hankali.

A 2014 likitoci a Japan suka ba da rahoton wata mata 'yar shekara 72 mai sankarar hanta, wadda ta yi wata 6 tana shan garin caga cokalin shayi 4 zuwa 5 kullum. Ƙodarta ta daina aiki, aka sa ta a na'urar wankin ƙoda, da aka ɗebi tsokar ƙodar aka duba sai aka tarar da tsakuwar okzalet a ciki. A 2020 likitoci a Koriya ta Kudu suka ba da rahoton wani mutum ɗan shekara 49 wanda ya yi shekaru yana shan garin caga saboda ciwon fata, har ƙodarsa ta mutu gaba ɗaya. Da suka auna garin da yake sha, okzalet ya haura kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa.

A nan batun tacewa ya dawo. Mutanen Hanti da manoman Rasha ruwan suke sha, tuƙar kuwa su zubar. Jiƙon ma yana da nasa okzalet, amma wani kaso yakan tafi da tuƙa. Waɗannan majinyata biyu kuwa garin suka riƙa haɗiya ɗungurungum, kullum, wata da watanni. Ashe abin da ake sayarwa da sunan gargajiya ya saɓa wa yadda masu gargajiyar suke yi. Bugu da ƙari, tun da an ga caga yana saukar da sukarin jini a jikin dabbobi, akwai fargaba ga mai allurar insulin kada sukarinsa ya fāɗi ƙasa warwas. Akwai kuma alamun yana hana jini daskarewa, wanda haɗari ne ga mai shan magungunan tsinka jini irin su warfarin, da wanda za a yi wa fiɗa. Duk wanda ya taɓa ganin iyalin da ke jigilar ɗan'uwansu zuwa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ya san irin dukiyar da hakan ke ci, ya san kuma yadda cibiyoyin suke da ƙaranci a jihohinmu.

Wani zai ce, in yana da illa haka, yaya aka yi mutane suka yi ɗaruruwan shekaru suna sha ba su gane ba? Gargajiya tana da ido mai kaifi wajen gane dafin da ke kayar da mutum nan take, amma cutar da ke ɓoyewa shekara biyar kafin ta bayyana takan kuɓuce mata. A farkon shekarun 1990 mata fiye da 100 a ƙasar Beljiyam suka sami ciwon ƙoda bayan sun sha wani haɗin rage ƙiba da ya ƙunshi wani tsiron ƙasar Sin na dangin Aristolochia, wanda aka daɗe ana amfani da shi a can. Duman dutse namu ma ɗan wannan dangi ne.

Ita kanta kasuwar tana da nata lahani a kan daji. Ƙullutun da ya ɗauki shekaru yana girma, minti kaɗan ya ishi mai gatari ya sare shi. A Finland, inda al'ada ta ba kowa 'yancin tsinkar 'ya'yan itatuwa da naman kaza a kowane daji, caga sai da izinin mai dajin ake ɗiba, kuma tun cikin shekarun 2010 suka fara nomansa ta hanyar huda itacen betula su cusa masa irin, su jira shekaru kafin girbi.

DARASI A GARE MU

Kada a fahimce ni da cewa ina kushe maganin gargajiya. Kwinin, wanda ya daɗe yana ceton mutane daga zazzaɓin cizon sauro, daga ɓawon wani itacen Amurka ta Kudu wasu Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, suka tace shi a 1820. Maganin zazzaɓin da asibitocinmu ke bayarwa a yau ya samo asali ne daga wani ganye ɗan'uwan tazargade. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka bi tsofaffin haɗe-haɗen magani fiye da 2,000, har suka tace sinadarin atemisinin a 1972, ta kuma sami kyautar Nobel a 2015. A nan gida Nijeriya, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta ɗauki haɗin wani mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen dawa da wani itace, ta gwada shi a kan masu sikila bisa ƙa'ida a shekarun 1990, aka sami maganin Niprisan. Dukan waɗannan sun fito daga gargajiya, dukansu kuma sai da suka hau ma'auni kafin a yarda da su. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Caga bai riga ya tsallake wannan gwaji ba.

Saboda haka ga shawarata ga 'yan'uwana. Idan wani naku yana fama da sankara, kada ku bari talla ta sa ya bar asibiti ko ya jinkirta zuwa, domin watannin da aka ɓata ba sa dawowa. Idan yana da ciwon ƙoda, ko ya taɓa yin tsakuwar mafitsara, ko yana shan maganin sukari ko na tsinka jini, to ya nisanci caga. Duk wanda ke shan wani jiƙo ko gari, na gida ko na waje, ya gaya wa likitansa, kada ya ji kunya. Idan kuma an miƙo muku kwalbar maganin gargajiya mai lambar hukumar NAFDAC, ku karanta ƙananan rubutun da ke jikinta. Sau da yawa za ku tarar an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da mai maganin ya yi ba, ku kuma fassara wa mai kwalbar wannan jimla kamar yadda take.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana masu karatun haɗa magunguna da kimiyyar tsirrai da aikin likita. Sabara da marke da kalgo da kauci suna nan a dazuzzukanmu, tsofaffin da suka san yadda ake haɗa su da gwargwadon da ake sha suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Aikin da Maret Saar ta yi a gaɓar Kogin Ob, na zama da mutane a rubuta abin da suka sani daidai yadda suke yinsa, yana jiranmu a ƙauyukanmu. Bayan rubutawa sai awo, a tabbatar da mai amfani, a kuma bayyana wa jama'a mai cutarwa da harshen da suke ji.

Shugaba, malamai, 'yan'uwa, a nan zan dakata don in ba da dama ga masu tambaya da masu ƙarin bayani.